ABINCIN MAI RAUNIN LAKA DA LAFIYAR ZUCIYARSA

Bayani domin Hakimai da Malamansu na cikin Birnin Kano

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da malamansu, da dagatai da masu unguwanni na cikin Birnin Kano, don su san abin da za su riƙa yi wa jama'a gargaɗi da shi game da ciyar da mutumin da lakar bayansa ta sami rauni har jikinsa ya shanye. Irin wannan majinyaci ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga madafa. Abin da aka miƙo masa shi yake ci. Saboda haka lalle ne ilmin abincinsa ya kai ga masu miƙo masa, watau matan gida da 'yan'uwa da maƙwabta da masu zuwa dubiya. Hanyar da magana take bi ta iske waɗannan kuwa sananniya ce: daga Hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, daga mai unguwa zuwa zauren kowane gida.

Kan maganar shi ne, akushin da yake ƙosar da mutum sa'ad da yake kai da komowa ya yi masa yawa bayan ya zauna wuri ɗaya. Rarar kuwa ba ta da wurin zuwa sai cikinsa da jijiyoyin jininsa, daga nan ta taɓa zuciya. Abin da ya dace da shi shi ne abinci kaɗan mai kyau, wanda aka auna.

Mene ne raunin laka?

Ƙashin bayan ɗan Adam gaɓoɓi 33 ne a jere bisa juna: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a tsatso, sauran 9 kuma can ƙasa, yawancinsu a haɗe. A tsakiyarsu akwai kafa, ta nan laka ta biyo tun daga ƙwaƙwalwa. Aikinta kamar na wayar tangaraho ne. Ita ke kai umurnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi, ita kuma ke komo da labarin zafi da sanyi da taɓi. In ta tsinke ko ta dame a wani wuri, duk abin da ke ƙasa da wurin nan sai ya rasa motsi da ji, ko duka ko wani sashi. Wanda raunin ya same shi a gadon baya ko tsatso, ƙafafunsa ke shanyewa. Wanda ya same shi a wuya, har da hannuwa. Galibi kuma riƙe fitsari da bayan gida yakan gagara.

Hatsarin mota da na babur su ne kan gaba wajen jawo wannan rauni a ƙasar nan. Bayansu akwai faɗowa daga itace ko daga kan gini, da rushewar katanga da damina, da ruftawar rijiya ko ramin haƙar ƙasa, da buhun da ya kuɓuce ya faɗo wa ɗan dako a wuya, da harbi ko sara. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya har ya danne laka. Kada a haɗa wannan da shan inna, gama wanda inna ta sha yana jin taɓi a ƙafafunsa, yana kuma riƙe fitsarinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013 cewa kowace shekara mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun raunin laka a duniya, kuma saurin mutuwarsu ya ninka na sauran mutane sau 2 zuwa 5. Ta ƙiyasta masu rayuwa da shi a 2021 sun haura miliyan 15. Yawancinsu maza ne, da yawa kuma a tsakiyar ƙarfinsu, watau waɗanda gida ya dogara a kansu.

Yadda zuciya ta shigo cikin maganar

A zamanin Yaƙin Duniya na Farko, mafi yawan sojojin da aka raunata a laka ba su daɗe ba suka mutu, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ƙoda suka tafi da su. A 1944 aka buɗe sashe na musamman dominsu a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, a ƙarƙashin wani likita mai suna Ludwig Guttmann. Shi ya tsananta dokar juya majinyaci kowane awa biyu dare da rana, da tsabtar fitar da fitsari, da motsa jiki. Mutanen da dā ake ƙirga musu makonni sai suka koma ƙirga shekaru. A nan Kano, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, daga baya ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Shi da Asibitin Murtala Muhammad na Ƙofar Mata da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, su ne manyan wuraren da ake kai masu irin wannan rauni.

To, da kwana ya yi tsawo sai wata cuta ta bayyana wadda dā ba a kai gare ta. A ƙasashen da aka shawo kan gyambo da ciwon mafitsara, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya shiga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu raunin laka. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda aka yi a kan mutum kimanin 60,000 a Kanada, ya nuna haɗarin ciwon zuciya ga mai raunin laka ya fi ninki biyu da rabi na wanda ba shi da shi, haɗarin shanyewar ɓarin jiki kuwa ya fi ninki uku da rabi.

A ƙasashe marasa wadata har yanzu gyambo da ciwon mafitsara su ne abokan gaba na farko, kada a manta da wannan. Amma wanda ya tsallake su zuciya na jiransa a gaba. Abin farin ciki kuwa shi ne, abincin da ke tsare zuciya shi ne dai ke taimakon fata da hanji, ba sai an ɗora tukunya biyu ba.

Dalilin da ya sa haka

Tsoka ita ce murhun jiki. A cikinta ake ƙone abinci ya zama ƙarfi, manyan tsokoki kuwa a cinyoyi da ɗuwawu da sha-raɓa suke. In suka daina motsi sai su motse cikin 'yan watanni, kitse ya maye gurbinsu. Murhu ya ƙanƙance ke nan, alhali kuwa ana ta tura masa itace kamar dā.

Abubuwa huɗu ke biyo bayan wannan. Kitse yakan taru a ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, wanda shi ne mafi sharrin kitse ga zuciya. Sukarin da dā tsoka ke shanyewa daga jini sai ya rasa mai ɗauka, ya yi ta yawo, har ya zama ciwon sukari. Akwai kuma wani irin maiƙo mai amfani a cikin jini wanda ke share jijiyoyi, motsa jiki ke ƙara shi, zama ke rage shi. Na huɗu, jijiyoyin jini sukan yi tauri, maiƙo ya riƙa liƙewa a bangonsu kamar yadda dauɗa ke toshe kwata, har ran da jini zai rasa hanya. In a zuciya abin ya faru, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Wani abin tsoro kuma, mai lafiya in jijiyar zuciyarsa ta soma toshewa yakan ji ciwo a ƙirji ya nemi likita. Wanda rauninsa ke wuya ko saman gadon baya yana yiwuwa bai ji kome ba, don wayar da za ta kai labarin ta yanke. Sai dai a ga numfashinsa na sarƙewa, ko gumi, ko tashin zuciya, ko kasala marar dalili. Duk wanda aka ga haka gare shi, a kai shi asibiti nan da nan.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima

Likitoci suna auna ƙarfin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Lebura ko ɗan dako mai nauyin kilo 60 yana bukatar kusan kalori 3,000 a yini. A lissafin da wasu likitocin Amurka suka buga a 1985, mai shanyewar ƙafafu yana bukatar kimanin kalori 28 ga kowane kilo na nauyinsa, wanda hannuwansa ma suka shanye kuwa kimanin 23. Mai kilo 60 ke nan zai bukaci 1,680 ko 1,380. Watau mutumin da jiya yake sauke buhuna a Kasuwar Kurmi, yau kusan rabin abincinsa na dā ya ishe shi.

Sikeli ma yakan yi ruɗi. Akan raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita har sau biyu. Ga mai lafiya, in abin da ya fito ya kai 25 an ce ƙiba ta soma. Amma a 2018 ƙungiyoyin likitocin laka na Amurka suka ba da shawara a mai da iyakar 22 ga mai raunin laka, domin tsokarsa ta riga ta ragu, abin da ya saura a sikeli kitse ya fi yawa. Ga misali: mutum mai tsawon mita 1.70, iyakarsa yana da lafiya kilo 72 ce, bayan rauni kuwa kilo 64. Inda babu sikeli, mazagin wando ya isa shaida. In ana ta sassauta shi wata bayan wata, abinci ya yi yawa.

Amma fa majinyata iri biyu ne, kuma lalle mai unguwa ya bambance su. Akwai wanda ya daɗe, ya sami masu kula, ciki ya soma fitowa. Shi ne za a rage wa. Akwai kuma wanda bai daɗe da samun rauni ba, ko yana da gyambo, ko talauci ya kama gidan tun da mai nema ya kwanta. Irin wannan ramewa yake yi, kuma rage masa abinci zalunci ne. Shi ƙari yake bukata, musamman abinci mai gina jiki, gama gyambo ba ya warkewa a jikin mayunwaci.

Abin da za a zuba a kwano

A raba kwano gida huɗu. Gida biyu ganye da kayan lambu, gida ɗaya tuwo ko wani abin hatsi, gida ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama.

Hatsi. Gero da dawa da acca sun fi farar shinkafa da burodi da taliya, don suna shiga jini sannu a hankali, suna kuma taimakon fitar bayan gida. Kada a tsananta surfe har dusa ta fita ƙaf, gama a cikinta amfanin yake. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun majinyacin ta isa a zama ɗaya.

Ganye da 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, watau kamar cikin tafi biyar. Wannan ba abin nema daga nesa ba ne. Zogale da rama da alayyafo da yakuwa da kuɓewa da kabewa da kuka duk ana samunsu a Kasuwar Rimi da sauran kasuwannin birni. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, da faten tsaki mai yawan ganye, da dambu marar yawan mai, abinci ne na ƙwarai. Gwanda da gwaiba da kankana da lemo a sha su yadda suke, kowanne da lokacinsa.

Mai gina jiki. Wake da gyaɗa da riɗi da waken suya da nono da busasshen kifi da ƙwai sun wadatar, ko da ba a sami nama kullum ba. Alala ta fi ƙosai, dafaffe ko gasasshe ya fi soyayye. In nama ne, a yanke kitsen a yar, kaza kuma a cire mata fata. Wanda bai saba da wake da ganye ba a soma masa da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako mako, a kuma jiƙa waken kafin dahuwa, don kada cikinsa ya kumbura. Mai ciwon ƙoda kuwa, likita ne zai yanka masa yawan da zai ci.

Mai. Duk man da ke daskarewa ya yi tauri da hunturu, shi ne irin wanda ke ƙara mugun maiƙo a jini: man shanu da kakiɗe da kitsen nama da manja. A rage su ƙwarai. Man gyaɗa da man riɗi da na waken suya sun fi, amma su ma da awo, gama babban cokali ɗaya na kowane irin mai kalori 120 ne. Kimanin cokali biyu a yini ya ishi majinyaci. Mafi sauƙi a ɗebe masa miyarsa kafin a kwarara mai, kada kuma a yi masa yayyafin man shanu a kan tuwo. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, a nisanta shi da shi.

Gishiri da kanwa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, haɗe da wanda ya riga ya shiga cikin abinci. Ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, haka nan akwai gishiri ɓoye a burodi da kilishi da yajin tsire da ƙullin ɗanɗanon taliyar leda. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke ta da jini a cikinsa yana cikinta. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da na gadon jego. Saboda haka a taƙaita kanwa a ɗanwake da miya, kada kuma a ba majinyaci jiƙonta da sunan magani. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da tsamiya suna ba miya daɗi ba tare da gishiri mai yawa ba.

Sukari. Iyakar babban mutum kimanin giram 50 ce a yini, ƙananan cokula 12, na mai raunin laka kuwa ya kamata ya gaza haka, tun da abincinsa duka ya ragu. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya cinye wannan iyaka ita kaɗai. Fura da kunu da koko da zoɓo da shayi ba su da laifi, abin da ake zuba musu ne laifin. A rage cokali ɗaya kowane mako har harshe ya saba.

Ruwa. Da yawa sukan ƙi shan ruwa don kunyar fitsari, wannan kuwa shi ke kawo ciwon mafitsara da tsakuwar ƙoda da taurin bayan gida. Galibi ana so a sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙara da bazara. Mai robar fitsari ya tambayi likita iyakarsa. In fitsari ya yi ja ya yi wari, ruwa ya yi kaɗan.

Taba sigari kuwa ba ta da awo, bari ɗungum shi ne maganinta. Goro ma a rage.

Gargaɗi na musamman

Wanda ba ya jin taɓi tun daga ƙahon zuci ko sama da nan, dokarsa dabam ce. Irinsa jininsa yakan zauna ƙasa, awon sama 90 zuwa 110, har yakan ji jiri in an ta da shi zaune. Kada a yanke wa wannan gishiri sai da izinin likita.

Har ila yau shi ne wanda jininsa ke iya tashi farat ɗaya. Mafitsara ta cika, ko robar fitsari ta lanƙwashe, ko bayan gida ya ƙi fita, ko wani abu na sukarsa bai sani ba, sai kai ya sara masa da ƙarfi, fuska da wuya su yi gumi, hanci ya toshe, gani ya dushe. Wannan na iya kisa. A zaunar da shi tsaye, a sauke ƙafafunsa ƙasa, a kwance mazagi da duk abin da ya matse shi, a duba robar fitsari. Kada a kwantar da shi. In bai lafa ba cikin 'yan mintoci, sai asibiti. A nan ma abinci na da hannu, gama ganye da ruwa su ke hana taurin cikin da ke ta da abin.

Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, waɗansunsu suna ta da jini suna ɓata ƙoda. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Dubiya da azumi da salla

Mutanen birni ba a yi musu gorin zumunci. In mutum ya kwanta, wannan gida a aiko da farfesun kayan ciki, wancan da waina, wani ya zo da tsire da kwalaben lemo, wata ta kawo alkaki da dubulan. Majinyaci kuwa ba shi da abin yi sai zama, ga ɓacin rai, ga kunyar mai da alheri, sai ya yi ta ci. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma in aka tara duka sai ta zama cuta. Ba za a ce a bar dubiya ba, gama zaman kaɗaici ma ciwo ne. Abin da ake so a sauya shi ne ƙunshin. Mai zuwa dubiya ya riƙo mudun wake ko gero, ko ƙwai, ko gwanda, ko sabulu, ko kuɗin robar fitsari. Wanda ba shi da ko ɗaya ya zauna ya yi hira, ya kama a juya majinyaci.

Kada kuma a ware masa tukunya kamar wanda ake horo. In gida duka suka rage mai da gishiri, shi ba zai ji an tsangwame shi ba, su kuma sun tsere wa hawan jini.

Game da azumi, shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya. Yinin bazara ba ruwa yana da haɗari ga mai robar fitsari da mai gyambo da mai ciwon sukari, saboda haka a ji ta bakin likita da ta malami tun watan bai kama ba. Wanda ya sami iko, ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, ya sassauta wa soye-soye. Da babbar salla kuwa a ba shi tsoka kaɗan kaɗan, a hana shi kakiɗe da soyayyen da aka adana cikin mai.

Motsa jiki

Awon abinci ba ya cika sai da motsi. Shawarar da masana na ƙasashe dabam dabam suka fitar a 2018 ita ce, mai raunin laka ya motsa jiki har numfashinsa ya ɗaga, minti 30 sau 3 a mako, don lafiyar zuciya. Tura keken guragu, da murza keken hannu irin wanda ake ƙerawa a nan Kano, da ɗaga jarkar ruwa ƙarama, duk motsi ne. Mai zama a keke ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata kowane minti 15 zuwa 30, na kwance kuma a juya shi kowane awa biyu.

Sai dai birni tsohon gari ne. Lungunan Jakara da Mandawari da Yakasai da Koki an yi su ne domin ƙafa da jaki, ga dokin ƙofa mai tudu, ga kwata a bakin zaure. Mutum yana iya shekara a ɗaki saboda taki ɗaya. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a yi wa gine-ginen jama'a hanyar da keke zai shiga. Na cikin unguwa kuwa aikin gayya ne: buhun siminti da 'yan samari sun isa su yi gangara a ƙofar gida da ta masallaci, su rufe kwata da murfi.

Abin da ake bukata ga Hakimai da malamansu

1. Kowane mai unguwa ya san gidajen da ke da mai raunin laka. Malamin Hakimi ya rubuta su a littafi da yardar masu gida, ya kuma tsare sirrinsu.

2. A karanta wannan takarda a zaman dagatai da masu unguwanni, a kuma roƙi limamai su yi bayaninta. Tun da mata ke girki, a bi ta hannun ungozomomi da malaman makarantun Islamiyya na matan aure don maganar ta shiga cikin gida.

3. A ga cewa ana auna jinin majinyaci duk lokacin da ya je asibiti, sukari da maiƙon jini kuma a tambayi likita a auna su ko da sau ɗaya a shekara. In fita ta gagara, a nemi ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa ya zo gida.

4. Gidan da ya rasa abinci a sanar da masu hali na unguwa da Hukumar Zakka da Hubusi. In za a ba da taimako, wake da gero da gyaɗa su riga sukari da taliya.

5. In hatsari ya auku, wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a cicciɓe shi, kada a zaunar da shi, kada a ja shi da sunan ɗori. A ɗora shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a kai shi asibiti. Masu ɗori da direbobin A Daidaita Sahu su ji wannan da kyau.

6. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari, kada ya bari don ya ji sauƙi ko don ya gyara abinci. Likita kaɗai ke da ikon tsai da shi.

Mutumin da Allah ya kuɓutar daga hatsari yana iya shekaru masu yawa yana karantarwa, ko ɗinkin hula, ko tsaron kanti, yana ganin girman 'ya'yansa. Abin da ake nema ga iyalinsa ba ya bukatar kuɗi masu yawa: malmala daidai dunƙule, ganye da wake, mai da cokali, gishiri da awo, ruwa isasshe. Rigakafi ya fi magani, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.